Dogayen Kalmomin Auta

Ƙanena bakanike ne, kuma tun yana ƙarami bai taɓa yarda da abin da bai kwance ya ga cikinsa ba. Rediyon Baba, agogon bango, keken ɗinkin Inna, duk sun sha hannunsa, wasu sun tashi wasu sun tafi ke nan. Shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, don haka har furfura ta fara leƙo masa a gemu Auta muke ce masa. A gareji ne kawai yake Maigida.

'Ya ɗaya gare shi tak. 'Yar Sifana ake ce mata, don tun tana rarrafe ta ɗauki wata ƙaramar sifanarsa ta ƙi saki, har barci da ita take yi. Tana shekara huɗu auren ya mutu, uwar ta tafi da ita wata ƙasa mai nisa, can ta sake aure. Ba a yi faɗa ba, babu wanda zan zaga a maganar nan, ko da yake wani lokaci na kan so a ce akwai. Sai dai ƙasar da suka je da Turanci ake kwana da shi ake tashi. Kafin a ankara Hausar yarinyar ta zube kakaf, ko "ina kwana" sai an ɗora mata a baki.

Ni na yi karatu, ina aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, Turanci nake sha daga safe har yamma. Shi Auta bai wuce firamare ba ya gudu gareji. Saboda haka duk ƙarshen mako in aka kira yarinyar ta bidiyo ni ce tafinta. Ya faɗa in juya, ta faɗa in juyo. Shekaru muka yi a haka, ni ina ganin ai ba laifi, tunda dai magana tana isa.

Wata rana da muka kashe wayar ya zauna yana goge faratansa da tsumma.

"Yaya, kin lura ke take kallo?"

"To ai ni ke magana."

"Shi ne fa. Ni ina zaune a gefe kamar direban da ya kawo ki."



Ana nan sai uwar yarinyar ta kira ni. Ta ce za su zo a dogon hutu, tana da hidima a danginta.

"Yaya, zan kawo ta ta wuni a wurinku," in ji ta. "In ta ce tana so, washegari ta dawo da jakarta ta yi sauran hutun a gidan ubanta. In ta ce a'a ba zan tilasta mata ba. Ta girma yanzu, tana da ra'ayinta."

Magana ce ta adalci, kuma ta tsorata ni. Wuni ɗaya za a ba mutum ya jawo 'yar da ta manta warin rigarsa. Shi kuwa Auta da na gaya masa kamar ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Cikin satin ya kwashe tsofaffin tayoyi da batura daga ƙaramin ɗakin gidansa, ya shafa fenti mai ruwan ƙwai, ya sa gado da labule. Sannan ya ce da ni, yana tsaye da buroshi a hannu, kafin ranar nan zai iya Turanci, da bakinsa zai yi wa 'yarsa magana.

Akwai wani tsohon malamin makaranta da ke kawo motarsa garejin. Motar ta fi zama a can fiye da gidan mai ita, shi ya sa ake ce masa Malam Mai Akwala, kuma ba ya fushi. Dattijo ne mai tsabta, kullum da biro a aljihu, ya yi ritaya amma hannunsa bai daina ƙaiƙayin alli ba. Garejin yana kan hanyata ta komawa gida, nakan tsaya in sha ruwa, don haka ina nan ranar da Auta ya kai masa kukansa.

Malam ya miƙe kamar an mayar masa da ajinsa. Ya karɓi allin da suke yi wa ƙarfe alama, ya rubuta kalma ɗaya a bangon garejin da manyan baƙaƙe: *transport*.

"Kada tsawonta ya ba ka tsoro," in ji shi. "Doguwar kalmar Turanci haɗa ta aka yi. Akwai saiwa a tsakiya, ita ce mai ma'anar. Abin da aka liƙa mata a gaba shi ne ɗafa-goshi, na baya kuma ɗafa-ƙeya."

Ya sa gefen tafin hannunsa ya sare kalmar gida biyu. Ya ce *port* ɗauka ne, *trans* kuma ƙetarewa. Ya goge goshin ya sa *im*, ya ce yanzu an ɗauko an shigo da kaya. Ya goge ya sa *ex*, ya ce an ɗauka an fitar.

Auta ya tsaya baki buɗe. Sai ya buga cinyarsa.

"Malam, wato inji ɗaya ne, bodi kawai ake canjawa!"

"Ka gama ganewa," in ji Malam.

Daga ranar Auta ya kamu. Harshen da ya kore shi daga makaranta ashe da noti aka ɗaure shi, kuma shi ba a taɓa ɗaura notin da ya gagare shi ba. Bangon ya fara cika. Saiwoyi a tsakiya, goshi a hagu, ƙeya a dama, kowanne a layinsa kamar yadda yake jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba. Yana ƙarƙashin mota za ka ji yana haɗa kalmomi yana kwancewa. In ya ga doguwar kalma a jikin kwalin kayan gyara sai ya tsayar da aiki ya yanka ta da gefen hannu a iska, irin na Malam. Masu motoci suna jira suna tsaki, shi ko a jikinsa.

Ba zan ɓoye ba, da farko na yi alfahari da shi. Akwai kalmomin da nake bugawa a ofis shekara da shekaru ban san abin da ke cikinsu ba sai da ya buɗe min. Amma da hutun ya matso sai hankalina ya fara tashi. Wata rana na tsaya a kansa yana wanke hannu da fetur.

"Auta, in kana so ka tambayi 'yarka ko tana jin yunwa, ya za ka ce?"

Ya ɗaga kai yana tunani. Can ya haɗo min wata jimla mai nauyin buhun siminti, wadda in an juya ta tana nufin, shin akwai buƙatar samar da sinadaran gina jiki.

Na yi dariya har da riƙe ciki, sannan dariyar ta ɗauke.

"Kai, mutane ba sa hira da waɗannan. Hira da ƙananan kalmomi ake yi, 'yan guntaye, waɗanda ba su da goshi ba su da ƙeya. Zo ka zauna in koya maka ko ashirin ne."

"Yaya ke nan. Wanda ya iya sauke inji canjin taya ne zai gagare shi? Ƙananan ai na yara ne, a hanya zan tsince su."

Na koma kan Malam, wanda ke zaune a benci yana jiran akwalarsa.

"Malam, don Allah ku gaya masa gaskiya. Ku kanku kun taɓa zama kun yi hira da Turancin nan, hira ta gida?"

Ya gyara zaman tabaransa. Ya ce shi dai ya yi shekaru yana shirya ɗalibai, kuma ba a taɓa kayar masa da aji a jarrabawa ba.

"Malam, jarrabawa daban, 'ya daban."

Na ga maganar ta sosa masa rai, kuma ban ji daɗi ba, don mutumin kirki ne, abin da yake da shi ya bayar bai rage komai ba. Amma Auta ya riga ya toshe kunne. Taurin kan gidanmu ne, ni ma ina da rabona, don haka na san ba inda za a je.

Ranar da za a kawo ta ya yi aski, ya sa farar riga mai dogon hannu, ya goge faratansa har suka yi ja, duk da haka baƙin mai bai fita duka ba. Muna tsaye a ƙofar gida ya juyo gare ni.

"Yaya, ki yi min alkawari. Yau ba tafinta. Ko kin ga ina nutsewa kar ki miƙo hannu."

"Auta..."

"Ki bar ta ta kalle ni yau. Shi kaɗai na roƙe ki."

Na yi masa alkawari. Ƙanena ne.

Motar haya ta tsaya. Uwar ta fito muka gaisa cikin mutunci, ta ce za ta turo motar da yamma. Sai yarinyar ta fito. Doguwa, siririya, da fararen takalma da waya a hannu, goshin Auta sak a fuskarta. Ya yi taku biyu ya tsaya, ya rasa ko rungumar ta zai yi ko hannu zai ba ta. Ita ta miƙo hannu.

A falo ya fara. Ya shirya jawabin maraba, na san ya yi sati yana haɗa shi. Ya tambaye ta ko sufurinta ya kasance mai gamsarwa. Ya sanar da ita cewa ya gudanar da shirye-shirye na musamman domin masaukinta. Kowace kalma daidai take, ko Malam ba zai sa jan biro ba, amma sai ka ce sanarwa ake karantawa a tashar jirgi. Yarinyar ta kalle ni. Na sunkuyar da kai ina zuba mata lemo. Ta juya ta ce masa lafiya lau, da kalmar Turanci ɗaya.

Ya kai ta ta ga ɗakin. Ta shafa labulen, ta ce yana da kyau, sannan ta ƙara wasu 'yan kalmomi da sauri, ƙanana ƙanana, suna bin juna kamar kaji. Tambaya ta yi, ko a ɗakin nan take kwana tana ƙarama. Na ga idon Auta yana bin bakinta yana neman inda sifana za ta kama, babu. Ya yi murmushi ya gyaɗa kai. A ɗakin uwarta take kwana a lokacin, amma ya riga ya gyaɗa.

Da muka zauna cin abinci ta ɗan saki jiki. Yarinya ce mai hankali, ta lura ba ya bin ta, sai ta rage gudu. Ta ajiye cokali ta dube shi, shi ɗin, ba ni ba. Ta fara ba shi labarin wata rana a makarantarsu da aka ce kowa ya tashi ya kwatanta mahaifinsa. Ta ce kowa ya tashi ya yi, ita da aka zo kanta ta tsaya ta rasa abin faɗa. Muryarta ta yi ƙasa. Ni da nake ji na san wannan maganar ce ta ɗauko tun daga can, ita ta kawo masa.

A cikin duk abin da ta faɗa kalma ɗaya ce mai tsawo, *describe*, wato kwatantawa. Auta ya cafke ta kamar an jefo masa igiya a rijiya.

"*Scribe*!" Ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta haskaka. Ya sare iska da gefen hannu, ya nuna mata goshin, ya nuna mata saiwar, ya ce rubutu ke nan. Ya jero mata 'yan uwan kalmar guda huɗu ko biyar, yana ƙirgawa da yatsu, yana kallon ta ko za ta yaba.

Ta tsaya da baki a ɗan buɗe. Sannan ta rufe shi, ta ɗauki cokalinta.

"Auta, bari in gaya maka abin da..."

Ya ɗago min tafin hannu ko kallo na bai yi ba. Na haɗiye sauran. Na ji kamar in kifa masa farantin a ka, na kuma ji kamar in rungume shi in yi kuka. Murna yake yi, a ganinsa hira ta fara.

Bayan azahar ya ce sai ta ga garejin. Na yi masa ido, na yi masa gyaran murya, a banza. Muka taka, ba nisa. Ta riƙa ɗaga ƙafa tana tsallake tabon mai saboda fararen takalmanta. Abokan aikinsa suka ajiye kayan aiki suka taso ganin 'yar Maigida, Malam ma yana nan, ya sa kwat don ranar.

Auta ya tsayar da ita a gaban bangon. Daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa rubutu ne. Abin da yake so ya ce mata na sani: duk wannan don ke na yi, kowace kalma a nan na koye ta ne ina tuna ki. Amma wannan maganar da ƙananan kalmomi ake yin ta, kuma ba ya da su. Sai ya ɗauki doguwar sukundireba ya nuna wata kalma, ya ce ta karanta.

Ta karanta. Ya nuna wata, ta karanta. Ya nuna ta uku, wata ƙatuwa da ni ma ban taɓa jin mai rai ya furta ta ba, ya tambaye ta ma'anarta. Ta girgiza kai. Ya kwance mata ita gida uku, ya yi bayani tiryan-tiryan. Mutanen gareji suka sa tafi.

"Maigida ya kayar da Baturiya!" in ji wani, aka kwashe da dariya.

Ba da mugunta suka yi ba. Amma ita ba ta san abin da aka ce ba, abin da ta gani shi ne maza shida cikin baƙaƙen kaya suna yi mata dariya don ta kasa amsa tambaya. Ta sunkuyar da kai. Malam kaɗai ya daina murmushi, ya cire tabarau yana gogewa. Shi ya san fuskar ɗalibin da aka tsayar a gaban allo.

Ta ce tana so ta kira mamanta. Auta ya gane kalmar mama, ya gyaɗa kai, ya ce bari ya kawo mata ruwa mai sanyi daga shagon maƙwabci. Ta zagaya bayan wata farar bas da aka ɗaga a kan jak. Ni ina zaune a benci, bas ɗin ba ta kare min komai ba.

Murya ƙasa ƙasa take magana. Ta ce babanta yana da kirki. Ta ce ya yi mata ɗaki. Ta yi shiru tana sauraro, tana murza ƙasa da bakin takalmi. Ta ce ba ta san yadda za ta gaya masa ba, ba ta so ta ɓata masa rai, amma don Allah kar a sa ta dawo gobe.

Sai na hango Auta. Ya dawo ta ɗaya gefen bas ɗin da gorar ruwa a hannu, ya tsaya yana jira ta gama, yana ɗan murmushi. Maganar tana wuce shi kamar kullum. Ina addu'a a raina ta ci gaba da wuce shi.

Da alama uwar ta tambaye ta me ya faru, ko an yi mata wani abu. Ta ce a'a, babu komai. Ta ja numfashi. Ta ce kawai dai ita a nan, tare da shi, ta faɗi kalmar a hankali: *uncomfortable*.

Na ga leɓɓansa sun motsa. Na ga hannunsa na dama ya ɗaga da kansa, ya sari iska sau ɗaya, ya sake sara. Ƙeyar ya fara cirewa, ya san ta. Saiwar ya san ta, jin daɗi da sakewa. Sai goshin, ƙaramin nan mai cewa babu. Duk wunin nan ita ce magana ta farko da ta fito daga bakin 'yarsa ya gane ta tun daga farko har ƙarshe, ba tare da kowa ya taimake shi ba. Hannun ya sauko a hankali.

Da ta kashe wayar ta fito ya buɗe gorar ya miƙa mata, ta karɓa. Sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, zo ki fassara mata."

Na taso.

"Ki ce mata gobe za a kawo min babban aiki, injin tirela, zai cinye min sati. Ki ce ba zan samu lokacin zama da ita ba. Ki ce ta yi haƙuri ta zauna wurin mamanta."

"Wace tirela? Auta, ka dawo hankalinka. Yarinya ce, wuni ɗaya ne kawai. Ka bar ni in zaunar da ku in yi muku bayani, kai da ita, yanzun nan."

"Ta ce ba ta san yadda za ta gaya min ba, ko? Ban ji kalmomin ba, na ga fuskarta da ta fito." Muryarsa ba ta rawa, idonsa ne ya kaɗa. "Kar a bar ta da wannan nauyin. Ki faɗa yadda na faɗa, kar ki ƙara kar ki rage."

"Za ta ɗauka ba ka son ta."

"Gara ta tafi tana jin haushina da ta tafi tana jin ta yi min laifi. Faɗa mata, Yaya."

Na faɗa mata. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta juya ta kalle shi. Kafaɗunta da ke ɗage tun safe suka sauka. Ta yi masa murmushi, na gaske, har da ɗan ramin kumatu, ta ce ba komai, ta gode, aiki ya yi kyau. Shi ma ya yi mata murmushi ya gyaɗa kai.

Motar hayar ta zo garejin ta ɗauke ta. Ta ɗaga masa hannu ta taga, ya ɗaga mata har suka sha kwana. Mutanensa suka koma kan aikinsu.

"Kin ga ta yi min murmushi?" in ji Auta.

"Na gani."

"Ni ta kalla."

Bai cire farar rigar ba. Ya jawo kwali ya shimfiɗa, ya kwanta ya shige ƙarƙashin bas ɗin nan, ko sifana bai ɗauka ba. Na zauna a benci ina jira ya fito. Ƙafafunsa kaɗai nake gani, da takalman da ya goge da safe, suna ta rawa a kan simintin.